Wai me ake nufi da "konsabeshan" ɗin nan ne?

Kwanan nan duk gidan zu ɗin da ka ji ana talla sai an ce wai konsabeshan suke yi, a rediyo kuma mai fassara ya ce "adana namun daji", to nan ne raina ke ɓaci. Adana fa na hatsi ne a rumbu, na kuɗi ne a asusu, abin da za ka kulle ka dawo ka same shi yadda ka bar shi. Shi ya sa mutanenmu suka ɗauka in ka sa zaki a keji kana jefa masa nama shikenan ka gama aikin. Ni dai "alkinta" ta fi kwanta min, don dabba da dajinta ake nufi, ta ci ta haihu a inda Allah ya ajiye ta.

Shekaranjiya a teburin mai shayi nan Agege wani yayanmu yake cewa ya kai yara Lekki Conservation Centre, wani daji da aka keɓe a nan Legas, yana ta mamaki bai ga zaki ba, sai birai suna yawo abinsu da wata doguwar gada ta tafiya a ƙafa ta saman itatuwa mai mita 401. Na ce yaya ai abin kenan, tun 1990 aka ware hekta 78 ɗin nan don kada gini ya cinye dajin, kai ne baƙo, birai ne masu gida.

Ba wai gidan zu ba zai iya ba fa. Dubi mariri, wani naman daji dangin barewa mai dogayen ƙaho lanƙwasassu da kakanninmu suka sani a bakin Sahara, farauta ta ƙarar da shi har a shekarar 2000 aka ce babu sauransa a daji sai wanda ke tsare a hannun mutane. Waɗancan ɗin aka tara a Abu Dhabi suka hayayyafa, a 2016 aka fara sakinsu a Chadi, suka riƙa haihuwa a daji da kansu, zuwa 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Kejin hanya ce kawai aka bi aka mayar da shi gida.

Amma kura guda ɗaya tilo a kan siminti shekara goma tana kai da komowa, ba miji ba 'ya'ya, yara na jifanta da bawon rake, wallahi tausayi take ba ni, kuma ko an rubuta konsabeshan da manyan baƙaƙe a bakin get, kallo ake sayarwa.