Silindar Kuba Mai Wuyar Buɗewa da Tsinke

Silinda ita ce ɓangaren kuba ko kwaɗo da ake zura makulli a cikinsa a murɗa. Sakata da murfin ƙarfe aikinsu riƙe ƙofa ne kawai, amma silinda ce ke bambance makullin gida da na baƙo. Idan aka ce silinda mai wuyar buɗewa da tsinke, ana nufin wadda aka ƙera ta yadda mai zura siraran ƙarafa a bakinta yana lallaɓa kayan cikinta zai daɗe bai ci nasara ba. Ƙwararru a wannan sana'a ba sa cewa wata kuba ba ta buɗuwa sam, domin duk wanda ya taɓa yin wannan iƙirari ya sha kunya. Abin da suke aunawa shi ne minti nawa za ta jure, a hannun wa, kuma da wane irin kayan aiki.

Yadda take aiki

Silindar da ta fi yawa a duniya ita ce mai fil-fil, wadda Ba'amurke Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a 1861 da 1865, bisa aikin da mahaifinsa ya fara. Dabarar kanta tsohuwa ce, don Misirawan dā sun yi kubar katako mai turakun da ke faɗawa cikin sakata, kuma har yau ana ganin irinta a ƙofofin rumbunan Dogon a Mali. Abin da Yale ya ƙara shi ne ƙanƙanta ta, da ba ta ɗan siririn makulli mai haƙora.

Silinda kashi biyu ce: gida, wanda ba ya motsi, da ƙwaya, wadda ke juyawa a cikinsa. An huda ramuka biyar ko shida da suka ratsa daga gidan zuwa ƙwayar. Kowane rami yana ɗauke da fil biyu, na ƙasa da na sama, da ɗan sifirin da ke danna su. Idan babu makulli, fil na sama yana tsaye rabinsa a gida rabinsa a ƙwaya, don haka ƙwayar ba ta da halin juyawa. Makullin gaskiya yana ɗaga kowane fil daidai gwargwadonsa, har mahaɗar fil biyun ta zo daidai da iyakar da ke tsakanin ƙwaya da gida. Wannan iyaka ita ake kira layin rabuwa. Silinda mai fil biyar da zurfin yanka iri goma tana iya ba da makullai daban-daban 100,000 a lissafi, ko da yake a aikace ba su kai haka ba, tunda ba a yanka rami mai zurfi sosai dab da marar zurfi, makullin zai maƙale.

Inda raunin yake

Da a ce injin yana iya huda ramukan nan a kan layi ɗaya cif, faɗinsu ɗaya, fil-fil ɗin ma kaurinsu ɗaya, da tsinke bai yi aiki ba. To amma babu injin da ke yin haka. Kullum sai an samu wani rami ya ɗan kauce, kaucewar da ba ta kai kaurin gashi ba. Saboda haka idan aka ɗan matsa ƙwaya kamar za a juya ta, ba dukkan fil-fil ne ke tare ta lokaci guda ba, guda ɗaya ne ke fara cijewa. Mai tsinke yana neman wannan da ya cije, ya ɗaga shi har ya kai layin rabuwa, sai ƙwayar ta ɗan gusa ta riƙe shi a sama, nauyin kuma ya koma kan na gaba. Da haka matsalar da ya kamata ta zama gwaji dubu ɗari ta koma ƙananan matsaloli biyar, kowace ana warware ta ita kaɗai.

Duk wata dabara da maƙera kuba suka ƙirƙiro amsa ce ga wannan rauni ɗaya. Ko dai su rage abin da yatsun mai tsinke ke ji, ko su sa kubar ta yi masa ƙarya, ko su ƙara masa sharaɗi na biyu da ba ya warwaruwa ta hanyar da na farko ya warwaru.

Bramah, Chubb da Hobbs

A Ingila aka fara wannan kokawa gadan-gadan. A 1778 Robert Barron ya fito da kubar da dole a ɗaga kowane harshenta, wato 'yan ƙarafan ciki da ke tare sakata, daidai wani tsayi, in ya gaza ko ya zarce ba za ta buɗu ba. A 1784 Joseph Bramah ya yi rajistar tasa, mai zagayayyen makulli da ke tura wasu siraran ƙarafa zuwa zurfi daban-daban. Ya amince da ita har aka rataye guda a tagar shagonsa da ke Landan, da alkawarin gini 200, wato tsabar zinare ta Ingila, ga duk wanda ya buɗe ta. A 1818 kuma Jeremiah Chubb ya kawo kuba mai tona asiri: in aka ɗaga wani harshe fiye da kima sai ya maƙale, kubar ta ƙi motsi har sai an zo da makulli na musamman an warware ta, mai gida kuma ya san an taɓa masa ƙofa.

A 1851, lokacin babban baje kolin Landan, wani Ba'amurke mai tallan kuba, Alfred Charles Hobbs, ya buɗe ta Chubb cikin kimanin minti 25. Ta Bramah, wadda ta yi shekara da shekaru a taga ba wanda ya iya da ita, ta ci masa awa 51 a cikin kwana 16 kafin ta sallama. Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin faɗuwar Bramah, alhali kubar da ta tsayar da gwani na kwana 16 ta yi aikinta har da ƙari, don babu ɓarawon da ke da wannan sukuni. Hobbs ya kuma tsaya a kan cewa bayyana raunin kuba a fili ba taimakon ɓarayi ba ne, domin su sun riga sun sani, mai saye ne aka bari a duhu.

Dabarun da ake amfani da su

Mafi sauƙi da araha shi ne sauya siffar fil na sama. Akwai mai siffar kalangu, kai da gindi masu faɗi, tsakiya siririya. Idan aka ɗaga shi rabi, bakin ƙwaya yana faɗawa cikin ƙugunsa, ƙwayar ta juya kaɗan kamar an dace, alhali fil ɗin yana nan ya tokare. Kafin a wuce wurin sai an sassauta matsi, sassautawar kuma takan zubo da sauran da aka riga aka ɗaga. Akwai mai kan lema, akwai kuma mai tsage-tsage a jiki kamar haƙoran zarto, wanda kowace tsaga ke ba da ɗan ƙas irin na layin rabuwa, har mutum ya rasa wanne ne na gaskiya. Ana haɗa wannan da matsattsen baki mai lanƙwashe-lanƙwashe, yadda tsinke ba zai samu filin motsi ba, da kuma jera gajeren fil a bayan dogo, don a kasa kaiwa ga na baya ba tare da an zarce da na gaba ba. Waɗannan suna korar ɗan koyo, amma gwani jinkirta shi kawai suke yi.

Babban ci gaba shi ne sandar gefe. Wata 'yar sanda ce kwance a gefen ƙwaya, rabinta cikin wani kwari a jikin gida, kuma ba ta nutsewa sai wasu kayan ciki sun jera mata gurbi. Kamfanin Medeco na jihar Bajiniya a Amurka, wanda aka kafa a 1968, ya yi suna da ita. Haƙoran makullinsa a karkace ake yanka su, bakin fil kuma kamar na kurfi yake, don haka makulli yana ɗaga fil yana kuma juya shi hagu, dama ko tsakiya. Sai tsayi ya yi daidai, juyi ma ya yi daidai, sannan ƙafafun sandar ke samun tsagar da za su shiga. Kamfanin ASSA na Suwidin ya bi wata hanya, ya yanka layin haƙora na biyu a gefen makulli domin sandar kaɗai. Mul-T-Lock na Isra'ila, wanda ya fara a 1973, fil ya sa a cikin fil, na ciki da na waje kowanne da nasa tsayi, a kan makulli mai ɗigo-ɗigon ramuka a fuska maimakon haƙora a baki.

Wasu kuma fil ɗin suka watsar gaba ɗaya. A 1907 Emil Henriksson, makanikin injinan ofis a Finlan, ya ƙirƙiro silinda mai jerin faya-fayai, wadda ta zama Abloy. Makulli yana juya kowane faifai zuwa kusurwarsa, sai gurabensu su jeru, sanda ta faɗa ciki. An kuma yi wa faya-fayan guraben ƙarya marasa zurfi don ruɗa mai lalube. Tunda babu sifirin da ke danna su, ƙura da sanyi ba su cika dame ta ba, abin da ya sa take da daraja a kwaɗon da ke kwana a waje, musamman a ƙasa mai ƙurar hunturu. Kamfanin EVVA na Ostiriya yana da samfurin da maganaɗisun da ke jikin makulli ke juya wasu ƙananan faya-fayai a ɓoye, inda tsinke ba shi da abin taɓawa.

Hanyoyin da ba na tsinke ba

Silindar da ta gagari tsinke tana iya faɗuwa ta wata fuska, kuma a nan ne masu ƙira suka fi yin sake. A 2005 Barry Wels da Rop Gonggrijp na ƙasar Holan suka fallasa yadda ake buɗe silindu masu yawa, har da masu tsada, ta hanyar buga wani makulli da aka yanke har ƙasa. Bugun yana wucewa daga fil na ƙasa zuwa na sama kamar yadda ƙwallon sunuka ke tura ɗan'uwansa, na sama su yi tsalle, layin rabuwa ya buɗe na ƙiftawar ido. Silinda mai faya-fayai ba ta jin wannan bugu, sandar gefe kuma tana rage tasirinsa ƙwarai. A 2003 Matt Blaze ya nuna cewa a ginin da ke da makullin masta, wato makulli ɗaya da ke buɗe dukkan ɗakuna, mai riƙe da makullin ɗaki guda yana iya gano mastan da 'yan makullai marasa yanka kaɗan. Manyan kamfanoni suna tsare siffar bakin silindarsu da rajista, ba a yanka kwafi sai an nuna kati. Medeco ma ba ta tsira ba, don Marc Weber Tobias da Tobias Bluzmanis sun nuna hanyoyin shawo kanta a wajajen 2008.

Sai kuma ƙarfin tuwo. Yawancin silindu da tagulla ake yin su, injin huda kuma yana cin tagulla cikin sauƙi, shi ya sa ake dasa turakun ƙarfe mai tauri a gaban ramuka da gaban sandar gefe. Silindar Turai mai baki biyu, wadda aka yi wa rajista a Jamus a 1924, kuma ita ce a yawancin ƙofofin ƙarfe da ake shigowa da su kasuwanninmu, tana da siririn ƙugu a tsakiya inda kusa ke riƙe ta. A nan ake karya ta, abin da ya addabi gidaje a Birtaniya. Maganin da aka samo shi ne a yi mata tsaga da gangan kusa da baki, yadda guntun waje ne zai ɓalle ya bar sauran a kulle, sannan a ƙarfafa ƙugun da ƙarfe.

Ma'aunai

A Amurka, ma'aunin UL 437 yana buƙatar silindar ƙofa ta jure tsinke na minti 10, huda da fizga da makamantansu kuma na minti 5. A Turai EN 1303 ne ke tantance yawan makullai daban-daban da juriya ga hari. A Birtaniya akwai TS 007 mai ba da taurari, inda ake neman uku: ko dai silinda mai tauraro uku ita kaɗai, ko mai ɗaya tare da mariƙin ƙofa mai biyu. Abin da ake so shi ne silindar da aka ɗaura daidai, wato wadda ba ta fito waje da fuskar mariƙi fiye da milimita 3 ba, domin abin da ya wuce haka ya ba filaya wurin kamawa.