Me ya cika gidajen yarin Amurka da baƙaƙen fata?

Baƙaƙen fata kusan kashi 13 cikin ɗari ne na mutanen Amurka, amma kusan ɗaya cikin kowane fursuna uku baƙar fata ne. Daga nan wasu ke cewa ai laifi a jininsu yake. Ba haka ba ne, kuma doka ɗaya ta isa ta nuna inda gizo ke saƙar.

A 1986 majalisar ƙasar ta yi dokar miyagun ƙwayoyi. Wanda aka kama da giram 5 na hodar iblis da aka dafa ta dunƙule, mai arha, wadda ta fi yawo a unguwannin talakawa, ɗaurin shekara 5 ne ba sassauci. Mai garin hodar kuwa, sai an same shi da giram 500 kafin ya sha wannan hukuncin. Sinadari ɗaya ne fa! Sai a 2010 aka rage tazarar daga ninki 100 zuwa 18. Binciken gwamnati ya sha nuna cewa farare da baƙaƙe kusan kunnen doki suke a shan ƙwaya, wajen kamu ne suka bambanta.

Talaucin unguwannin ma yana da tushe. A shekarun 1930 hukumar lamunin gidaje ta gwamnati ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a taswira, masu ba da rance suka guje su. Ba rance, ba gidan kai, ba gadon da za a bar wa 'ya'ya. Makarantun gwamnati kuma sun dogara sosai da harajin gidaje, don haka unguwar da gidajenta suka faɗi, makarantarta ma ta faɗi. Sai a 1968 aka haramta wariya a harkar gidaje.