Littafin awon kulorin da ruwan da muke sha

Duk lokacin da aiki ya kai ni duba ruwan wata ƙaramar al'umma, kafin in hau tanki nakan ce a miƙo mini littafi, wato wanda mai kula da ruwa ke rubuta awon kulorin na kullum a ciki, sinadarin nan da ake zuba wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta. Idan na buɗe na tarar da lamba ɗaya tun daga farkon wata har ƙarshensa, da biro ɗaya, sai gabana ya faɗi. Awon ranar da aka sheƙa ruwan sama daban ne da na ranar da gari ya bushe, haka ma ranar da tanki ya kwana rabi. Lambar da ba ta motsi, yawanci a zaune aka rubuta ta.

Irin wannan rubutu ya taɓa cin rayuka. A watan Mayun 2000, a garin Walkerton da ke lardin Ontario na Kanada, garin da mutanensa ba su kai 5,000 ba, an yi ruwan sama mai ƙarfi wanda ya wanko kashin shanu daga wata gona ya shigar da shi cikin wata rijiya marar zurfi da ke ba garin ruwa. Mutum 7 suka mutu, kimanin 2,300 suka kamu da ciwo. Binciken da aka yi daga baya ya gano cewa masu kula da ruwan sun shafe shekaru suna cika littafi da lambobin da ba su auna ba. Da sakamakon gwaji ya nuna akwai E. coli kuma, ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, ba a gaya wa jami'an lafiya nan take ba, sai ran 21 ga wata aka sanar da jama'a su riƙa tafasa ruwa. Ku lura, garin yana da kulorin, yana da kayan awo, kuma ƙasar mai arziki ce.

To, me ake so awon ya nuna? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan an zuba kulorin, ruwa ya zauna aƙalla minti 30, a samu ragowar da ba ta gaza miligiram 0.5 a lita ba. A famfon da ya fi nisa da tanki kuwa, kada ta yi ƙasa da 0.2. Wannan ragowar ita ce mai gadin ruwan a cikin bututu. Datti yana cinye kulorin, don haka idan lambar ta faɗi kwatsam, wani abu ya shiga. Ruwa ba ya tsami banza. Awon kansa ba ya ɗaukar minti biyar: a ɗebi ruwa, a jefa ƙwayar gwaji, a kwatanta jan da ya yi da na jikin ma'auni. A riƙa aunawa a ƙarshen layin bututu, ba a bakin tanki kaɗai ba, inda kullum lambar ke da daɗin gani.

Sau da yawa ana ce mini ai ana kai samfur ɗakin gwaji. Madalla, a ci gaba, domin ƙa'ida ita ce kada a ga E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100. Sai dai kafin ƙwayar ta tsiro a ɗakin gwaji an yi kusan yini da kwana, ruwan da aka ɗebo samfurinsa an riga an shanye shi. Shi ya sa tun 2004 hukumar ta karkata ga abin da ta kira tsarin kiyaye lafiyar ruwa: a bi ruwan da ƙafa daga tushensa har bakin famfo, a ga inda zai iya gurɓata kafin ya gurɓata. Murfin tanki yana rufe? Daɓen bakin rijiya ya tsage? Akwai masai ko turken dabbobi kusa, musamman ta saman gangare? Tazarar da aka fi ambata ita ce mita 30, kodayake irin ƙasar wurin na iya sa a ƙara. Akwai kuma bututun da ke yoyo: yayin da aka ɗauke ruwa, ƙarfin cikinsa ya faɗi, sai ya zuƙo ƙazantar da ke kewaye da shi ta ramin nan da ruwa ke fita a da.

Ruwa mai laka shi ma matsala ne, don ƙwayoyin cuta suna fakewa a jikin ɓurɓushin ƙasa kulorin ya kasa kai musu. A bar shi ya kwanta ko a tace shi tukuna.

Akwai abin da kulorin ba ya iya masa, tafasawa ma haka. Sinadarin naitiret da ke zuwa daga taki da masai, idan ya wuce miligiram 50 a lita, yana hana jinin jarirai ɗaukar iska yadda ya kamata, tafasawa kuma ƙara masa yawa take yi. Sinadarin fuloraid sama da miligiram 1.5 a lita yana ɓata haƙoran yara. Arsanik, wani sinadari mai guba, ba shi da ɗanɗano, ba shi da launi. A Bangaladash miliyoyin mutane sun sha shi shekara da shekaru daga rijiyoyin burtsatse masu ruwa garau. Duk sabuwar rijiya a gwada mata waɗannan kafin a buɗe wa jama'a.

Ranar da sakamako ya fito da muni, a ranar za a sanar. A gaya wa jami'in lafiya, a gaya wa jama'a su tafasa ruwan sha har ya yi ɓal-ɓal, a nemo ta inda ƙazantar ta shiga, a gyara, a wanke tanki da bututu, a sake gwaji kafin a ce a daina tafasawa. Na san abin da ke riƙe bakin mai kula da ruwa: tsoron kada a ce laifinsa ne. Wannan gyaran yana hannunku, 'yan kwamitin ruwa na al'umma. Idan mai kula da ruwa ya kawo muku lamba marar daɗi, ku tashi ku bi shi ku ga wurin, ku ajiye faɗa. Ranar da bai auna ba kuwa, ya bar layin a fili, ya rubuta dalili a gefe.