Ibid, supra da 'yan'uwansu: me suke nufi a ƙasan shafi?

Ɗalibanmu da ke karatun lauya a Jami'ar Legas ta Akoka, da waɗanda ke Makarantar Horon Lauyoyi a Victoria Island, sukan yi ƙorafi a kan gajerun kalmomin Latin da ke cike da littattafansu. Ga abin da suka fi tambaya.

Mene ne ibid?

Gajarcen ibidem ne, wato "a wuri ɗaya". Idan ka ambaci littafi a bayani na 7 na ƙasan shafi, sai na 8 ma ya fito daga littafin nan, ba sai ka sake rubuta sunansa ba. Ka sa ibid, ka ƙara lambar shafi idan ta sauya. Wanda ya yi karatun zaure ba baƙo ba ne a nan, domin littattafan Larabci na zamani suna rubuta "almarji'u nafsuhu" don wannan aikin.

Sai dai ibid yana da tarko, kuma a nan nake so a natsu. Abin da ke samansa kai tsaye yake nunawa. Ranar da ka koma gyara, ka cusa sabon bayani tsakanin na 7 da na 8, ibid ɗinka ya koma nuna wani littafi daban, kai ba ka sani ba. Ka jingina wa malami maganar da bai faɗa ba ke nan, kuma wannan cin amanar ilimi ne ko da ba da gangan ba. Tsarin ambaton littattafai na Chicago, a bugunsa na 17 na shekarar 2017, ya fi son a maimaita sunan marubuci a taƙaice.

To supra da infra fa?

Supra na nufin "a sama", infra kuma "a ƙasa". Alƙalanmu suna son supra ƙwarai. Buɗe kundin rahoton shari'u na NWLR, wanda marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, za ka ga alƙali ya kawo shari'ar Sanata Abraham Adesanya da Shugaban Ƙasa ta 1981 da cikakken bayaninta sau ɗaya, daga baya sai sunan shari'ar da supra kawai.

Op. cit. da loc. cit. ɗaya ne?

A'a. Na farko yana nufin littafin da aka riga aka ambata, shafi na iya bambanta. Na biyu littafin da shafin duka. Ni dai ba na ba da shawarar ko ɗaya, don suna sa mai karatu ya yi ta juya shafuka yana neman inda aka fara ambaton.

Cf. na nufin "duba"?

"Kwatanta" yake nufi, daga confer. Ana sa shi ne idan abin da ake nunawa ya ɗan saɓa da maganarka.

Wanne zan bi a kundina?

Tambayi tsangayarku tsarin da ta amince da shi. Tsarin OSCOLA na Jami'ar Oxford, a bugunsa na 4 na shekarar 2012, ya yarda da ibid da cf, ya ce a guji supra, infra, op. cit. da loc. cit., a rubuta sunan marubuci da lambar bayanin da aka fara ambatonsa. Bluebook na Amurka kuma id. yake amfani da shi a gurbin ibid. Kafin ka kai kundin a ɗinke, ka bi kowane ibid da yatsa, ka tabbata abin da ke samansa shi kake nufi.