Yadda dokar Faransa ta 2014 ke zaɓen unguwannin marasa galihu

A Faransa, ƙaurin sunan unguwa ko iya roƙon magajin gari ba su ke sa ta samu tallafi na musamman ba. Dokar 21 ga Fabrairu 2014, wadda ake danganta ta da minista François Lamy, ta tsayar da ma'auni ɗaya tak: abin da mazauna ke samu.

Hukumar ƙididdiga ta INSEE ta yayyanka taswirar ƙasar gida-gida, kowane gida mita 200 tsawo da faɗi. Sai a nemo inda masu ƙaramin ƙarfi suka taru, a gwada samunsu da na sauran ƙasa da kuma na birnin da suke ciki. Dole unguwar ta kai mutum 1,000, cikin birni mai aƙalla mutum 10,000. Da wannan tankaɗe da rairaya unguwanni kusan 2,500 da ake tallafa wa a da suka koma kimanin 1,500, don kada kuɗin ya watse.

Unguwar da ta shiga jerin, gwamnati da ƙananan hukumomi suna sa hannu kan yarjejeniyar ayyukanta. Ana kuma kafa majalisar mazauna, inda ake fitar da wasu wakilan ta hanyar ƙuri'ar sa'a, ba zaɓe ba, maza da mata daidai wa daida. Mai ƙaramin ƙarfi da ya sayi sabon gida a ciki, ko cikin tazarar mita 300, harajin sayen kaya (VAT) na 5.5% zai biya maimakon 20%. Hukumomin gidajen haya masu rahusa kuma ana yafe musu 30% na harajin gini, da sharaɗin su ƙara kula da tsafta da gyara.

Sashe na farko na dokar shi ne ginshiƙi: makaranta, asibiti da 'yan sanda na yau da kullum su fara isa unguwar, tallafin ƙari ne a kai. A nan ake yawan tuntuɓe. Idan ma'aikata ta ga kuɗi na musamman ya shigo ta janye nata, an yi tufka da warwara.

Sai batun iyaka. Adireshi ake dubawa, don haka iyalin da ke tsallaken titi na iya rasa wasu tanade-tanaden ko da sun fi talauci, alhali mafi yawan matalautan Faransa a wajen waɗannan unguwanni suke. Kuma wanda ya samu aiki yakan tashi, wani mafi buƙata ya maye gurbinsa, sai alƙaluman unguwar su tsaya cik. Mai auna tasirin shirin dole ya bi sawun mutanen da suka tashi.