Zaiba a tafkunan da ƙanƙara ke rufewa da hunturu

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Kanada, Finlan, Suwidin, Rasha da jihar Alaska ta Amurka, tafkunan ruwan daɗi sukan daskare ta sama idan hunturu ya shigo. A can arewa sosai ƙanƙarar takan kai wata shida ko fiye, kaurinta ya wuce mita guda, har manyan motoci su bi ta kanta. Amma ƙasan tafki mai zurfi ba ya daskarewa. Ruwan da ke can yakan tsaya a wajen digiri 4, kifi na kai-komo, zaibar da ta shiga tafkin kuma tana ci gaba da rikiɗa. An daɗe ana ɗaukar hunturu lokacin da tafki ke barci, shi ya sa yawancin gwaje-gwajen ruwa da rani aka yi su. Wannan kuskure ne da ya bar rabin shekara ba a duba ba.

Daga ina zaibar take zuwa

Mafi yawan tafkunan nan ba su da masana'anta a kusa. Iska ce ke kawo musu zaiba. Idan aka ƙona kwal ko aka narka ma'adinai, zaiba takan tashi kamar tururi, ta yi watanni a sama, ta ƙetare nahiyoyi kafin ruwan sama ko dusar ƙanƙara su sauko da ita. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa ayyukan ɗan Adam sun saki kusan tan 2,220 na zaiba a iska a 2015, kuma kaso mafi girma ya fito ne daga haƙar zinariya ta gargajiya, inda ake kama zinariya da zaiba a ƙona ta a wuta, irin wadda ake yi a Zamfara da Nijar da Ghana.

Akwai kuma wani abu da aka fara lura da shi a 1995 a tashar bincike ta Alert da ke ƙurewar arewacin Kanada: da rana ta dawo bayan dogon duhun hunturu, sinadarin buromin da ke fitowa daga ƙanƙarar teku yakan sa zaibar iska ta zuba kan dusar ƙanƙara cikin ɗan lokaci. Wani ɓangare yakan koma sama, wani ya jira narkewa.

Abin da ke faruwa ƙarƙashin murfin

Zaiba tsagwaronta ba ita ce babbar matsalar kifi ba. Haɗarin yana ga nau'in da ake kira metil-zaiba, wanda wasu ƙwayoyin bakteriya ke samarwa a cikin laka da ruwan da babu iskar oksijin. Masana biyu a Suwidin, Jensen da Jernelöv, su suka nuna haka a 1969, sai a 2013 aka gano ƙwayoyin gado biyu, hgcA da hgcB, da ke ba bakteriyar wannan ƙarfi.

To, ƙanƙara tana shirya musu wuri. Da tafki ya rufe, iska ta daina shiga, ganyaye da ciyayin da suka nutse kuwa suna ta ruɓa suna cinye oksijin da ya rage. A tafki marar zurfi mai yawan laka, kafin ƙarshen hunturu ƙasan ruwa yakan ƙare da oksijin ƙaf. Masu bincike da ke huda ƙanƙara su janyo ruwan ƙasa sukan ji shi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, alamar cewa bakteriyar da ke aiki da sinadarin salfet sun kama aiki. Sanyi yana rage musu sauri, gaskiya ne, amma bai hana su ba.

A lokaci guda kuma hanyoyin fitar gubar sun toshe. Da rani hasken rana yana wargaza metil-zaiba a saman ruwa, abin da aka tabbatar a 1996 a yankin tafkunan gwaji na lardin Ontariyo da ke Kanada, sannan yana mai da wata zaibar tururi ta tashi. Dusar ƙanƙara mai kauri tana tare hasken, ƙanƙara kuma ta hana tururin fita. Don haka abin da aka samar yakan taru, har ranar da ƙanƙara ta karye, iska ta juya ruwan ƙasa ya gauraya da na sama, daidai lokacin da ƙananan halittun ruwa ke fara yaɗuwa suna haɗiyar duk abin da suka samu. Ba kowane tafki ne haka ba: mai zurfi da ruwa garau yakan riƙe oksijinsa har bazara.

Kifi da mutanen da ke cin sa

Metil-zaiba tana ƙaruwa daga ƙaramar halitta zuwa babba, har ta ninka ta cikin ruwa sau miliyan a naman babban kifi mai cin 'yan'uwansa. A tsoka take maƙalewa, don haka dafuwa, suya ko banda ba sa cire ta. Binciken da aka yi shekara cur a tafkin Kilpisjärvi na arewacin Finlan ya nuna farin kifin wurin ya fi ɗauke da zaiba da hunturu. Dalilin: kifin ya saki ƙwai, abinci ya yi ƙaranci, ya rame, gubar da ke jikinsa kuwa ba ta ragu ba. Kuma a wannan lokacin ne mutane ke zama bakin rami a kan ƙanƙara da fatsa, musamman 'yan asalin ƙasar da kifi ne cimarsu. Gubar tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ta fi illa ga ɗan tayi da ƙananan yara. Kanada ta ƙayyade miligiram 0.5 a kowane kilo ga yawancin kifin kasuwa, amma wanda mutum ya kama da hannunsa ba ya bi ta wurin masu awo.

Al'ummar Grassy Narrows, 'yan asalin ƙasar da ke Ontariyo, sun ɗanɗana kuɗarsu. Tsakanin 1962 da 1970 wata masana'antar sinadarai a garin Dryden ta zuba kusan tan 9 na zaiba a kogin Wabigoon. An rufe sana'ar kamun kifi a yankin a 1970, kuma har yau ana samun masu rawar jiki da raunin gani a cikinsu.

Yarjejeniyar Minamata kan rage zaiba, wadda aka amince da ita a 2013, ta fara aiki a 2017. A tafki mai lamba 658 na Ontariyo an zuba zaiba mai alama da gangan daga 2001 zuwa 2007 don a bi sawunta; da aka daina, adadinta a jikin kifi ya sauka ƙwarai cikin 'yan shekaru.