Cutar GPA da Yadda Take Bambanta Tsakanin Masu Fama da Ita

GPA (a Turance: granulomatosis with polyangiitis) cuta ce da ba a cika samunta ba, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa ƙananan jijiyoyin jini har su kumbura, jini ya kasa isa wasu sassan jiki. Da can ana kiranta cutar Wegener, da sunan likitan Jamus Friedrich Wegener wanda ya yi bayaninta a 1936 da 1939. An sauya sunan a 2011, kuma alaƙarsa da jam'iyyar Nazi na cikin dalilan sauyin. Ta fi kama masu shekara 40 zuwa 65, maza da mata, ko da yake yara ma ba su tsira ba.

Wuri uku ta fi so: hanci da kewayensa, huhu, da ƙoda. Sai dai da wuya a sami mutum biyu da ta zo musu iri ɗaya, kuma wannan shi ne babban abin da ke wahalar da gano ta. Wani zai yi watanni yana fama da toshewar hanci, haɓo, majina mai ɓawon jini da ciwon kunne, ana ta ba shi maganin mura. In abin ya daɗe, guringuntsin hanci ya lalace, karan hancin ya lotsa. Wasu, musamman masu ƙananan shekaru, maƙogwaronsu ne ke tsukewa, murya ta dushe, numfashi ya yi wuya. Wani kuwa tari ne da jini, hoton ƙirji ya nuna ƙulli ko rami a huhu, har a ɗauka tarin fuka ne ko sankara. Ido, fata, gaɓoɓi da jijiyoyin ƙafa duk tana iya taɓa su.

Ƙoda ce abin tsoro, domin ba ta ihu. A farkon cutar kaɗan ne ke da matsalarta, amma daga baya yawancin majinyata kan samu, wani lokacin cikin makonni kaɗan ta kai ga wankin ƙoda. Shi ya sa gwajin fitsari, duk da sauƙinsa, bai kamata a yi sakaci da shi ba ko da mutum ya ji sauƙi.

Gwajin jini na ANCA, wato wasu sinadaran garkuwar jiki da ake nema a jini don gano cutar, shi ma ba ya fitowa iri ɗaya. Mafi yawan majinyata suna da nau'in ANCA da ake kira PR3, kuma su cutar ta fi dawo wa bayan ta lafa. Kaɗan suna da nau'in da ake kira MPO, wasu kuma gwajin ba ya nuna komai, musamman in cutar ta tsaya a hanci. A Arewacin Turai PR3 ya fi yawa, a Japan kuwa ana samun MPO fiye da yadda ake samunsa a Turai.

Magani na bin tsananin cutar. Kafin shekarun 1970 yawancin waɗanda ta game jikinsu kan rasu cikin shekara guda, har Anthony Fauci da Sheldon Wolff suka nuna a Amurka cewa haɗa siklofosfamid da firedinison, magunguna masu rage ƙarfin garkuwar jiki, na kwantar da ita. A 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin rituksimab don wannan cuta. Wanda cutarsa ba ta taɓa ƙoda ko wani sashe mai haɗari ba ana iya ba shi metotireksat. Wasu sau ɗaya take tashi ta kwanta, wasu kuwa sai an ci gaba da magani shekara da shekaru, ana auna jini da fitsari lokaci-lokaci.